Amanar Shiryar da Ɗalibi Zuwa Jami'a

Daga cikin abubuwan da tsawon rai da aikin koyarwa suka sanar da ni, babu wanda ya zauna mini a zuciya kamar wannan, cewa yaron da ya rasa gurbi a jami'a, galibi tun shekaru uku kafin jarrabawa ya rasa shi, wato ranar da aka raba 'yan aji huɗu na sakandare, aka tura waɗannan ajin kimiyya, waɗancan ajin adabi ko na kasuwanci, alhali babu wanda ya zauna da yaron ya binciki inda baiwarsa ta karkata, ko ya bayyana masa ƙofofin da wannan rabo zai buɗe masa da waɗanda zai rufe.

A zamaninmu al'amarin yana da sauƙi, domin ɗalibai kaɗan ne, shugaban makaranta ya san kowa da sunansa da na mahaifinsa, kuma jami'o'in ƙasar, tun daga ta Ibadan wadda aka fara a 1948 har zuwa ta Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, kowacce ita take zaɓen ɗalibanta da kanta. Da aka kafa hukumar JAMB a 1978 sai ƙofar ta zama ɗaya, ga shi yau masu cunkoso a bakinta sun haura miliyan kowace shekara. Ƙofar kuwa tana da sharuɗɗa waɗanda ba ta sassauta wa kowa: darussa huɗu ake rubutawa, Ingilishi wajibi ne a cikinsu, jimillar maki 400, sannan a zo da kiredit biyar daga WAEC ko NECO, waɗanda yawancin fannoni ke neman Ingilishi da lissafi a cikinsu. Mai neman likitanci dole ya haɗa da fiziks da kemistiri da bayoloji. Wanda ya saɓa wa wannan haɗi, ko da makinsa ya kai inda ya kai, jami'a ba za ta dube shi ba, kuma wannan ilimi ne da ya kamata ya isa kunnen yaro tun yana aji uku.

Sai dai abin da ya fi wahalar da mai ba da shawara shi ne burin iyaye. Na tuna wani dattijo, ɗan kasuwa mai mutunci, da ya zo mini da ɗansa, yaron na tsugune a gefen ƙofa ya sunkuyar da kai, uban ya ce, "Malam, ni dai likita nake so ya zama, ko nawa za a kashe." Na buɗe rijistar maki na nuna masa da yatsa, kemistiri a ƙasa zango bayan zango, lissafi kuwa babu kamarsa a ajin. Na ce, "Alhaji, Allah Ya ba ɗanka kyauta, amma ba a inda kake nema ba." Na fahimci zuciyar wannan bawan Allah ƙwarai, domin ƙauna ce ta kawo shi, da kuma abin da ya gani na ƙarancin likitoci a asibitocinmu. Amma malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa sana'o'in da al'umma ba ta rayuwa sai da su farillan kifaya ne, kuma wannan hukunci, kamar yadda ya hau kan likitanci, haka ya hau kan aikin gona da injiniyanci da jinya da ƙididdigar dukiya da koyarwa, ta yadda garin da kowa ya nufi fanni guda ya bar sauran, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Yaron da aka tilasta wa abin da ba shi da ɗabi'arsa yakan shekara yana maimaita jarrabawa har himmarsa ta mutu, sa'annan a ce ƙaddara ce, alhali sababin a hannunmu yake.

Akwai kuma wani sakaci da ya zo da zamani. Tun daga 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB baki ɗaya, amma na ga yaro haziƙi daga ƙauye wanda ranar jarrabawa ce farkon ranar da ya ɗora hannunsa a kan linzamin kwamfuta, hannun na rawa, lokaci na tafiya. Haka nan wajen cike takardar neman shiga, sai a bar yaro da mai shagon kwamfuta, wanda layi ya cika masa shago, shi zai zaɓa masa jami'a, shi zai zaɓa masa fanni, a da ma wani lokaci har yakan juya harafi a sunansa ya saɓa da na katin ɗan ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, duk wannan yakan fito a lokacin da gyara ya yi tsada.

Ya kamata kuma a sanar da yara cewa hanya ba ɗaya ba ce. Akwai karatun share fage na IJMB da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, akwai kwalejojin horon malamai masu ba da NCE, akwai kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna, kuma wanda ya yi ƙwazo a waɗannan yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Da yawa daga mutanen kirki da na sani ta nan suka bi, ba su kuma kasa kowa ba. Amma hanyar sayen amsa, wadda wasu iyaye ke biyan kuɗinta da hannunsu, ha'inci ce, kuma ban taɓa ganin albarka a ƙarshenta ba.

Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantu, don girman Allah, kowace makaranta ta keɓe malami guda mai amana da haƙuri, wanda ya san sharuɗɗan nan filla-filla, ya riƙa zama da 'yan aji uku, maza da mata, tare da iyayensu, kafin a raba azuzuwa. Ku kuma iyaye, idan an kira ku ku amsa, ku zo da kanku, ku saurari abin da malami zai faɗa game da 'ya'yanku ko da ya saɓa wa abin da kuke so.