Yadda Aisilan Ta Raba Samarinta da Kwalba

Duk wanda ya sauka Rekyabik, babban birnin Aisilan, a watan Disamba, sanyi mai ratsa ƙashi ne zai fara yi masa maraba, sai dogon dare, domin hasken rana bai fi awa huɗu zuwa biyar ba. A irin wannan duhu giya ta taɓa samun gindin zama. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu a cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko zuwa kashi 5.

Sirrin wannan nasara na gan shi da idona a unguwar Laugardalur. Da yamma na tarar da kududdufin ninƙaya a fili yana tururi, ruwansa mai zafi daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, yara na ta iyo alhali ƙanƙara ta rufe gefen hanya. A zauren da ke kusa wasu na ƙwallon hannu, mai horar da su na kiran kowa da sunansa. Babu yaron da na gani yana gararamba.

Duk wannan da shiri aka yi shi. Masana irin su Inga Dóra Sigfúsdóttir sun fara da tambayar yaran kansu ta takardar da ba a sa suna: Awa nawa kake yi da iyayenka? Sun san inda kake da dare? Wane wasa kake yi? Amsoshin suka nuna cewa yaron da iyayensa ke zama da shi, kuma yake da abin yi bayan makaranta, da wuya ya kusanci kwalba. Ana maimaita binciken a kai a kai, kowace unguwa a mayar mata da sakamakonta don ta san inda ɓarakarta take.

Doka ma ta taka rawa. Ɗan shekara 13 zuwa 16 ba ya yawo shi kaɗai bayan ƙarfe 10 na dare da hunturu, ko 12 da bazara. Ba a sayar wa kowa giya sai ya cika 20, an kuma hana tallarta. Hukumar birnin na ba kowane yaro kuɗin shiga ƙungiyar wasanni, kiɗa ko zane. Abin da ya fi burge ni shi ne iyaye: wani daren Juma'a na ci karo da rukuninsu suna zagaya unguwa a ƙafa, suna gaisawa da matasa cikin fara'a, kamar yadda dattawanmu suka saba ɗaukar ɗan maƙwabci ɗan kowa.

Darasin ya shafi jami'o'i ma: da yawansu a duniya sai ɗalibi ya nutse a shaye-shaye suke kafa kwamiti. Mutanen Aisilan sun gane icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka ɗalibinsu kan isa jami'a da abokan kirki da abin yin da ya cika masa lokaci. Yau ƙasashe irin su Chile da Ailan na kwaikwayon tsarin da sunan Planet Youth. Na baro ƙasar da yaƙinin cewa mai son kare ɗalibin jami'a, tun daga aji ɗaya na sakandare zai soma, tare da iyaye, malamai da hukuma a layi ɗaya.