Kabarin Kyaftin Ɗin Bradford A Gonakin Beljiyam

Wanda ya bar garin Ypres na ƙasar Beljiyam ya nufi arewa maso gabas, kafin ya yi tafiyar mil biyar zai iske kansa a tsakiyar gonaki shimfiɗaɗɗu, ba dutse ba tudun kirki. A bakin hanyar da ta tashi daga Zonnebeke zuwa Langemark akwai wata maƙabartar soja mai gajeriyar katanga. Sunanta Dochy Farm, wato sunan wata gona da Jamusawa suka mayar da ita mafakar soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojoji fiye da 1,400 ne ke kwance a ciki, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba a san ko su wane ne ba, domin sai da aka gama yaƙi aka bi filayen nan ana tono gawawwaki ɗaya bayan ɗaya ana kawo su nan.

Cikin waɗanda aka sani akwai Saje Jimmy Speirs, mutumin Sikotlan. Maziyarci zai gane kabarinsa ba wuya, don sau da yawa akan tarar da gyale mai ruwan ja da ɗorawa a gindin dutsen, alamar 'yan kulob ɗin Bradford City sun zo sun tafi.

An haife shi a birnin Gilasgo a 1886. Akawu ne tun farko, yana buga ƙwallo a ƙananan kulob na unguwa, har Rangers ta ɗauke shi a 1905. Sau ɗaya tak ya buga wa ƙasarsa, a karawarta da Wales a 1908. A zamanin nan kuɗin ƙwallo yana Ingila ne, saboda haka samarin Sikotlan suka yi ta kwarara kudu, shi ma ya bi sahu zuwa Bradford a 1909. Ran 26 ga Afrilu, 1911, a filin Old Trafford, shi ne kyaftin, shi ne kuma ya sa ƙwallo da ka a ragar Newcastle, aka tashi ɗaya da nema. Takwas daga cikin 'yan wasan Bradford na ran nan 'yan Sikotlan ne. Har yau kulob ɗin bai sake ɗaukar Kofin Ƙalubale na Ingila ba. Daga bisani Leeds City ta saye shi a kan fam 1,400, kuɗi masu yawa a 1912.

Abin da ke ba mutum mamaki shi ne ba wanda ya tilasta masa shiga soja. A watan Mayu na 1915 da ya kai kansa bataliyar Cameron Highlanders, ba a fara ɗiban dole ba tukuna, ga shi kuma da mata da 'ya'ya biyu. Ya sami lambar jarunta a gumurzun Arras a 1917, aka ƙara masa girma zuwa saje.

Ƙasar da baƙo ke takawa a nan laka ce mai riƙe ruwa, manoma ne suka hore ta da magudanai tun kaka da kakanni. Da aka fara babban farmakin da ake kira Passchendaele ran 31 ga Yuli, 1917, igwa ta ragargaza magudanan, ruwan sama kuma ya yi ta zuba cikin Agusta, sai filin duka ya zama taɓo mai haɗiye mutum da doki. A cikin wannan taɓo Speirs ya ɓace ran 20 ga Agusta, yana da shekara 31. An rubuta shi cikin waɗanda aka raunana ba a kuma gan su ba, matarsa ta zauna jira a Gilasgo. Sai bayan yaƙi aka gano gawarsa.

Ko a nan ma akawun soja bai kyauta masa ba. An juya haruffa biyu na sunansa, aka sassaƙa Spiers a dutsen, haka ya zauna shekara da shekaru kafin a gyara.

Bayan katangar kuwa noma ake yi. Har yanzu garma tana tono harsasan igwa da ba su fashe ba, manomi ya ajiye su a bakin hanya, sojan Beljiyam su zo su kwashe.