Karen saye da karen gida

Cibarakaten wurin haƙar zinariya ne. Shina can arewacin jihar Agadas, kusa da iyakar Aljeriya. A shekara ta 2014 anka gano zinariya a wurin. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017, mutane sunka ƙara yawa: ƴan Nijar, ƴan Cadi, ƴan Sudan, ƴan Najeriya. Ba gona, ba gulbi. Ruwan sha ma mota ke kawo shi daga nesa, a saya da tsada.

Ni mutumin Madawa ne. Na yi shekara uku a can, ina da rumfa, ina saida shayi da shinkafa da sabuni. Masu haƙa suna shiga rami, su faso dutse, su ɗura cikin buhuna. Buhunan suna jiran motar da za ta kai su wurin niƙa. Buhu guda shina iya zama wahalar mutum ta wata ɗaya. Da dare kowa ya gaji, barci ya kwashe shi. Wa zai yi tsaro? Shi ya sa wasunmu sunka nemi kare.

Maƙwabcina bai son jira. Ya aika anka sayo mishi ƙaton kare daga birni. Mai saidawa ya ce ai horarre ne. Da ya iso, anka ɗaure shi da sarƙa, ana rage mishi abinci, ana dukan shi, wai don ya yi zafi. To, zafi kam ya yi. Amma bai san kowa ba. Mai gida ya gitta, haushi. Iska ta ɗaga leda, haushi. Cikin sati biyu duk mun saba, ba mai tashi in ya ji shi. Ka ga ke nan ko ɓarawo ya zo, ba mu sani.

Ran nan sarƙa ta tsinke, ya ciji yaron da ke kawo muna ruwa. Nan hankalin kowa ya tashi, don ba wanda ya san ko an taɓa yi wa karen allura. Ɗan'uwa, ka riƙe wanga da kyau. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabuni har minti 15, sannan a kai shi likita a yi mishi allurai. Kada a jira. Ciwon haukan kare, in alamunshi sunka bayyana, ba ya da magani. Mun zuba rabin jarkar ruwa wajen wankin nan, ba wanda ya yi maganar kuɗi. Anka sa yaron mota zuwa Arlit. Allah ya sa ya warke.

Akwai wata hanya da na sani tun ina yaro, ta mafarauta. Su ba su koya wa kwikwiyo da baki. Sai su sake shi ya bi tsofaffin karnuka daji. Ya ga yadda ake bin sawun zomo, ya ga yadda ake komowa in an yi kira. Buzaye ma haka suke da karnukansu na Azawak, masu dogayen ƙafafu da siririn ciki. Kwikwiyo shina tashi cikin awaki da yara, ya san nasu, ya san dila. Tun wajen 1970 Turawa sunka fara kai irin su Turai. Hanyar tana da kyau, kuma ba ta cin kuɗi. Sai dai tana son tsohon kare na kirki. In tsohon mai satar nama ne, ƙaramin ma zai koya. Mu a wurin zinariya ba mu da irin wanga tsoho.

Sai kuma karen makaranta, irin na jandarma da ƴan sanda. Wannan wata da watanni ake koya mishi, har ya iya shinshino ƙwaya ko nakiya cikin kaya. Aiki ne na gwanaye, ban raina shi ba. Amma ka lura da abu guda: ko can, kare da mai riƙonshi tare suke koyo. Kare shina jin muryar wanda ya saba da shi ne. In ka saye shi ka kawo rumfarka, sai kai ma ka koyi kalmomin, wataƙila ma da Faransanci anka koya mishi. Kai da ke fama da baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci, ga kare ya fi ka Faransanci!

Ni kwikwiyo na samu, ɗan wata biyu. Na sa mishi suna Bar-su. Na tambayi malaminmu tukuna. Ya ce riƙon kare don tsaro ko kiwo ko farauta ya halatta, amma a ware mishi kaskonshi, kada ya hau wurin salla. Haka na yi.

Kafin ya cika wata uku, na bar shi ya saba da mutanen rumfa, da mai ruwa, da ƙarar inji. Wanga lokaci ne kwikwiyo ke gane wa ke nashi. Safe da marece muna ɗan darasi, minti biyar kawai. Kalma guda, aiki guda: zo, zauna, bari. In ya yi daidai, nan take in ba shi ɗan guntun burodi. In ka jinkirta, bai san ladan mi ba ne. Na roƙi abokan zamana su riƙa faɗin kalmomin nan yadda nike faɗi. Wannan ya fi komi wuya, don mutum ya fi kare taurin kai. Da na tafi Arlit sayen kaya, na kai shi wurin ma'aikatan dabbobi anka yi mishi allurar rigakafi.

Ba zan ce maka hanyar tana da sauƙi ba. Kusan shekara na yi ina ba shi ruwan saye bai tsare mini komi ba. Wanda ke wuni cikin rami ba ya da wanga lokaci, ni zaman rumfa ya taimake ni. Amma da ya girma, Bar-su ba ya haushin banza. In ya yi haushi cikin dare, rumfa huɗu ke tashi da tocila. Maƙwabcina da kanshi ya dawo da buhunanshi bayan rumfata, shina ba Bar-su ƙashi in sun yi yanka.

Da zan koma gida, wani ya taya shi da kuɗi. Na ƙi, don ba zai ji maganarshi ba, ƙarshenta sarƙa ce. Direba biyu sunka ce ba su ɗaukar kare. Na ukun ya yarda, amma sai da na biya mishi kuɗin wuri bisan kaya. Yanzu shina Madawa, shina kwana bakin garken awakin innata.