Wata 15 Bayan Kammala Karatu

Wata 15 da gama karatuna a nan Ingila, sai ga saƙo a wayata: wane aiki kake yi, nawa ake biyanka, kana amfani da abin da aka koya maka? Hukumar HESA ce ke bin sawun waɗanda suka kammala jami'o'in Birtaniya, tun daga 'yan shekarar karatu ta 2017/18. Amsoshin nan suna cikin abin da ake dubawa kafin a ba jami'a lambar zinare, azurfa ko tagulla kan ingancin koyarwarta.

Nan take hankalina ya koma Potiskum. Ɗaliban Kwalejin Horar da Malaman Fasaha ta Tarayya da ke garin, kamar takwarorinsu na jami'o'in Damaturu da Gashuwa, suna fita koyon aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Shiri ne mai kyau. Sai dai babbar shaidarsa littafi ne da ɗalibi zai cike, mai wurin aiki ya sa hannu ya buga hatimi, malami ya zo dubawa. Hatimi yana nuna yaro ya je. Ko hannunsa ya faɗa kuwa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu a sani, lokacin da galibin makarantunmu sun daina tambayar labarinsa.

Ba na so mu kwaso ma'aunin Ingila yadda yake. Babban abin da suke lissafawa nasara shi ne aikin ƙwararru, ko na manaja, ko ƙarin karatu. In da wannan mudu aka auna Potiskum, saurayin da ya buɗe shagon walda yana haɗa bodin tirela, yara biyar suna koyo a hannunsa, ba zai shiga sahun masu nasara ba. Haka wanda ke riƙe wa fatake lissafi a kara, inda ake lodin shanu zuwa Kudu. Wannan kam zalunci ne a garin da ke ci da sana'a.

Wajen tabbatar da hannun yaro ya faɗa, ogan gareji ma ya fi makarantunmu tsanani. Ba ya yaye yaro sai ya ga ya sauke inji, ya mayar, mota ta tashi.

Ga abin da za mu iya yi: lambobin wayar ɗalibai suna nan a rajistar kowace makaranta. A ɗora wa malami ɗaya a kowane sashe kiransu bayan shekara, ya tambayi sana'ar da ke ciyar da su, da darasin da ya yi musu rana, da mutum nawa ke aiki a ƙarƙashinsu.