Jakadan da ya kafa tuta, da ni da na ce "ki dawo mako mai zuwa"

Tun da gwamnati ta kira jakadunmu gida a watan Satumban 2023, aka kuma daɗe ba a naɗa wasu ba, duk sanda zancen jakadu ya taso a nan Facebook tambayarmu ba ta wuce biyu: ɗan wace jiha ne, kuma yaron wa ne? Ni ma da ni ake yi. To amma kwanan nan wani jakada ya tsaya min a rai, kuma ba namu ba ne. Sunansa Harald Edelstam, mutumin Suwidin.

An haife shi a 1913. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana ƙaramin jami'i a ofishin ƙasarsa da ke Oslo, sojojin Hitler sun mamaye Norwe, shi kuwa ya riƙa taimaka wa Yahudawa da 'yan gwagwarmaya suna tserewa. Daga baya ya yi jakada a Indonesiya da Gwatamala, sannan a 1972 aka tura shi Chile.

Ranar 11 ga Satumba, 1973, sojoji ƙarƙashin Janar Pinochet suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, aka shiga kame da kisa. Sojoji suka yi wa ofishin jakadancin Kuba ƙawanya, har da harbe-harbe. Edelstam ya shiga ginin da ƙafarsa. Da jami'an Kuba suka bar ƙasar, sai ya kafa tutar Suwidin a kai, ya ce daga yau nan wurin yana hannun ƙasarsa. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana jami'an tsaron ƙasa kutsawa ofishin jakadanci ba tare da izini ba, to da wannan dokar ya kare waɗanda suka fake a wurinsa.

Babban filin ƙwallo na Santiago kuwa an mai da shi gidan yari, an cusa dubban mutane a ciki. Ya yi ta zarya can har ya fito da 'yan Uruguay sama da 50. A watan Nuwamba jami'an tsaro suka lakaɗa masa duka a wani asibiti, saboda ya tare su kada su tafi da wata mara lafiya da ke ƙarƙashin kariyarsa. A Disamba aka kore shi daga ƙasar. Mutum fiye da 1,000 ne suka tsira ta dalilinsa. Firaminista Olof Palme ya mara masa baya, amma a ma'aikatarsu akwai waɗanda suke ganin ya wuce gona da iri. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ya yi jakada, ya rasu a 1989.

Ga abin da ya sa labarin ya dame ni. Shekarun baya akwai wani masinja a ofishinmu da ya rasu. Matarsa ta fara zuwa bin haƙƙinsa, da takardunta a leda. Takardun nan sun cika, ni na duba su da hannuna. Sa hannu ɗaya ya rage, kuma na san durowar da fayil ɗin yake kwance, na kuma san abin da mai durowar yake jira kafin ya motsa. Duk sanda ta zo sai ta durƙusa ta ce, "Yallaɓai, ya ake ciki?" Ni kuma in ce, "Mama, a yi haƙuri, ki dawo mako mai zuwa." Wani lokacin in ba ta kuɗin mota, don in samu sauƙi a zuciyata. Ban taɓa ɗaukar fayil ɗin na hau sama da shi ba, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Na ce wa kaina ba hurumina ba ne. Wata da watanni tana zuwa, har ta daina. Wallahi har yau ban san ko an biya ta ba, kuma kunya ta hana ni bincikawa.

Na san wani zai ce, ai shi jakada ne, yana da rigar kariya, iyakar abin da za a yi masa shi ne a sa shi a jirgi. Gaskiya ne. Amma a labarin akwai wani mutum da ba a cika ambata ba: Manjo Mario Lavanderos, hafsan sojan Chile da ya miƙa wa Edelstam waɗancan fursunonin filin ƙwallo. Shi ba shi da wata kariya. Bayan 'yan kwanaki wani hafsa ɗan'uwansa ya harbe shi har lahira. Ni kuwa me nake tsoro? Takardar tuhuma, ko a cilla ni wani lungu, ko oga ya daina amsa gaisuwata. Shi ke nan fa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da ni da Edelstam kayan aikinmu iri ɗaya ne: takarda, hatimi, da doka. Shi ya ɗauke su ya tsaya tsakanin soja da mutane. Ni na ɗauke su na ɓuya a bayansu don kada wata bazawara ta dame ni.

Ba na cewa kada a tambayi jihar da jakada ya fito, ƙasarmu ce, mun san yadda rabo yake. Amma ina so mu ƙara da tambayar me zai yi ranar da ɗan Najeriya ya ƙwanƙwasa masa ƙofa cikin dare a ƙasar da ta rikice. Mu kuma ma'aikata da muke sukar su, kowa ya leƙa durowarsa.

Yanzu haka akwai wani fayil a teburina, na wani direba da ya yi ritaya, ya kwana biyu yana jiran sa hannu. Litinin in Allah Ya kai mu zan hau sama da shi da kaina. Na rubuta a nan ne don in na fasa, ku tambaye ni.