Kashi Na Biyu: Shin Need for Speed Underground 2 Ya Cancanci A Saye Shi?



Duk wanda ya tashi da karatun littattafan Hausa na kasuwa, ko kallon finafinanmu na gida, ya san dabarar "kashi na biyu". Marubuci zai kai ka daidai inda labari ya ɗau zafi, sannan ya ajiye alƙalami ya ce a haɗu a littafi na gaba. Kuɗin da kake biya a karo na biyu, idan ka lura, ladan daɗin da ka ji a karon farko ne, domin ba ka ga abin da ke ciki ba tukuna amma hannunka ya riga ya shiga aljihu. Masu ƙera wasannin bidiyo ma sun san wannan dabara sarai. Shi ya sa na ga ya dace yau mu tattauna wata mas'ala da wataƙila wasu za su yi mamakin ganin na ɗauko ta: wasan tseren motoci mai suna Need for Speed Underground 2, wanda har yanzu ake samun masu cigiyarsa, shin ya cancanci mutum ya sa kuɗinsa ya saya? Ina cikin waɗanda suka buga shi, da wanda ya gabace shi, a kan PlayStation 2 a shekarun ƙuruciya. Malamanmu kuwa sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fara sanin haƙiƙarsa, don haka bari mu fara daga tushe.

Asalin Wasan

Jerin wasannin Need for Speed ya faro ne a 1994, a ƙarƙashin kamfanin Electronic Arts na Amurka. A shekarun farko motocin attajirai ake tuƙawa a ciki, irin su Ferrari da Lamborghini, a kan hanyoyin bayan gari, sau da yawa 'yan sanda na biye da kai. A watan Nuwamba na 2003 sai kamfanin ya sauya akala. A lokacin fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, da kashinsa na biyu na 2003, sun riga sun tallata wa duniya wata al'ada ta samarin Amurka da Japan: a ɗauki ƙaramar mota ta yau da kullum, a ƙara mata ƙarfin inji, a yi mata kwalliya, a fita tsere da ita cikin dare. Reshen kamfanin da ake kira Black Box, a ƙasar Kanada, ya ɗauki wannan al'ada ya mayar da ita wasa mai suna Underground. Maimakon Ferrari, sai ga Honda Civic da Golf da Peugeot 206, motocin da mu ma muke gani a titunanmu. Ina jin wannan na cikin sirrin karɓuwarsa a wajenmu: yaro ya ga irin motar kawunsa tana tashi kamar jirgi.

Tsarin kashi na farko mai sauƙi ne. Ka zaɓi tsere daga jeri, ka buga, ka ci, ka sami kuɗi, ka gyara mota, ka wuce na gaba, har ka kammala tsere sama da 100. Shekara guda kacal bayan haka, a Nuwamban 2004, kashi na biyu ya fito.

Abin Da Kashi Na Biyu Ya Ƙara

Adalci shi ne a fara da faɗin alherin abu, kuma a gaskiya ba tsohon kaya aka sauya wa kwali ba. Babban sauyi shi ne an ba ka gari sukutum, wani ƙagaggen birni mai suna Bayview, da filin jirgin samansa da tsakiyar gari da unguwar masana'antu ta bakin ruwa da hanyoyin kan tsauni masu kwana-kwana. Kana iya yawo a ciki yadda ka so, ana buɗe maka unguwanni sannu a hankali gwargwadon ci gabanka. Labarin bai taka kara ya karya ba: wani ya banke motarka da baƙar Hummer, bayan wata shida ka sauka a Bayview, wata mai suna Rachel ta ara maka koriyar Nissan 350Z, ka fara daga ƙasa har ka kai ga Caleb, wanda ya yi maka ɓarnar. Da zanen hotuna marasa motsi ake ba da labarin, kuma ban san wanda ya sayi wasan saboda shi ba.

An ƙara nau'o'in tsere. Bayan na kewaye, da na daga nan zuwa can, da na miƙaƙƙen titi wanda gwanintarsa ke wajen sauya giya a kan kari, da na zamiya a kwana, an kawo Street X, inda motoci 4 ke gogayya a matsattsen fili babu damar amfani da iskar ƙarin gudu, da kuma gasar URL da ake yi a killatattun filaye. Haka nan kana iya haɗuwa da wani direba a titi ka ƙalubalance shi, wanda ya ba ɗan'uwansa ratar mita 300 ya yi nasara. An kuma shigo da manyan motoci guda 3: Hummer H2 da Cadillac Escalade da Lincoln Navigator.

Amma abin da na fi ganin ƙimarsa shi ne na'urar gwajin inji da ke gareji. A nan kana iya daidaita tazarar giyoyi, da tauri ko laushin shokozoba, da rabon ƙarfin burki tsakanin gaba da baya, sannan ka fita ka ji bambanci a hannunka. Ka gajarta giyoyi, mota ta riƙa zabura da wuri amma ƙarshen gudunta ya ragu. Ka tsawaita su, ta yi nawar tashi amma ta yi nisa a dogon titi. Yaron da ya zauna ya fahimci wannan ya koyi wani abu na gaske game da mota, ya kuma koyi cewa ba a samun wata fa'ida sai an sarayar da wata.

Inda Gizo Ke Saƙar

Sai dai wannan garin da aka ba ka, shi ne kuma harajin da aka ɗora maka. A kashi na farko, idan kana da minti 20, za ka yi tsere uku ko huɗu ka tashi. A kashi na biyu dole ka tuƙa mota zuwa wurin da za a yi tseren, ka bi kibiya daga wannan unguwa zuwa waccan, kuma shagunan kayan gyara a ɓoye suke, sai ka yi yawo ka gano su. Daren farko wannan yawo abin sha'awa ne. Zuwa mako na biyu ka haddace kowace kwana, ya zama zirga-zirgar dole. Ga wanda yake da wadatar lokaci da wutar lantarki tsayayya, wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke biyan kuɗin awa a gidan gem, ko yake tseren kada a ɗauke wuta, kaso mai yawa na abin da ya biya a hanya yake ƙarewa.

Na biyu, akwai tilascin kwalliya. Wasan yana auna adon motarka da taurari har 10, kuma ba za ka wuce wasu matakai ba sai an buga hotonta a bangon mujalla ko faifai, hakan kuwa ba ya samuwa sai taurarin sun kai adadin da ake so. Saboda haka ko da kai mai son mota fes ce ba tarkace, dole ka liƙa mata fitilu a ƙarƙashi, da lasifikoki a but, da ƙofofi masu ɗagawa sama, da zane-zane a jiki. Ana ce maka motarka ce, yi yadda ka so, alhali ma'aunin kyau ba a hannunka yake ba. Wannan ya daɗe yana ba ni tunani, domin darasi ne da ake cusa wa matashi ba tare da an furta ba: darajarka tana ga abin da idon mutane ya gani a jikin abin hawanka.

Na uku, talla. Ka biya kuɗin wasa, sannan ka tarar da shagunan Burger King da Best Buy a cikin garin, ga tambarin kamfanin waya na Cingular manne a allo. A 2007 aka haɗiye sunan Cingular cikin AT&T, amma har yau duk wanda ya kunna wasan yana kallon tallar kamfanin da sunansa ya shuɗe.

Garin Da Babu Mai Tafiya A Ƙasa

Akwai abin da ban lura da nauyinsa ba sai da shekaru suka ja. A Bayview gari ba ya wayewa. Babu ɗan sanda ko ɗaya, domin sai a Most Wanted na 2005 aka dawo da su. Babu mai tsallaka titi, babu ɗan makaranta, babu tsohuwa da tallarta. Ka daki bango da gudun da ya haura kilomita 200 a awa, mota ba ta lotse ba, direba bai karye ba. Iyakar asararka 'yan daƙiƙu, ko a ce a sake tseren. An gina birnin ne bayan an cire masa duk abin da ke sa tseren titi ya zama laifi.

Ban ce wasa ne ke koya wa samari wasan mota da muke gani a wasu bukukuwa da ranakun salla ba. Wannan ɗabi'a tana da nata dalilan. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai riƙe sitiyari na gaske wata rana ya kamata ya san abin da aka ɓoye masa a cikin na wasa. Titunanmu cike suke da almajirai da masu baro da 'yan acaba, kuma babu madannin da ake latsawa a dawo da rai. Idan ƙaninka ne zai buga, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi: ina mutanen garin nan suke? Wannan tambaya kaɗai ta fi dogon faɗa amfani.

Haka nan duk mai kula da abin da kunnensa da idonsa ke ɗauka ya sani cewa wasan yana ɗauke da kiɗe-kiɗe da waƙoƙi, da hotunan mata a wasu wurare. Kiɗan ana iya kashe shi gaba ɗaya a wajen daidaita sauti, a bar ƙarar inji kawai. Hotunan kuwa ba su da makashi. Kowa ya auna da ma'auninsa kafin ya biya, ba bayan ya biya ba.

Saye A Yau

Wasan ya haura shekara 20 da fitowa, kuma kamfanin ba ya sayar da shi a shagunan intanet irin su Steam. Reshen da ya ƙera shi an rufe shi a 2013, kuma an daɗe da rufe hanyar da kamfanin ya tanada ta bugawa da wasu ta intanet. Abin da ya rage shi ne tsohon faifai na hannu. Na PlayStation 2 yana buƙatar na'urar da idonta ke karatu, faifan kuma ba a karce ba. Na kwamfuta yana da tasa matsalar: an kulle shi da wata kariya mai suna SafeDisc, wadda Windows 10 da na bayansa ba sa karɓa, don haka kana iya sayen faifai na asali ya ƙi tashi. Kofe-kofen da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba kuwa, ban da maganar haƙƙin mai abu, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta suke zuwa. Kada kuma kowa ya ruɗe ka da wani abu a waya mai ɗauke da wannan suna. Wanda ke son irin wannan salo a sabuwar na'ura, akwai Heat na 2019 da Unbound na 2022, sai dai suna son kwamfuta mai ƙarfi da data mai yawa.

Abin Da Ya Rinjaya A Wajena

Masu tambaya uku ne, amsa ma uku ce. Wanda yake da tsohuwar PlayStation 2 mai aiki, yake son kwance mota da ɗaura ta fiye da tseren kansa, ya sami faifai mai kyau a farashin da ba zai taɓa kuɗin littafi ko na abinci ba, kuma aka gwada masa a gabansa, to ya saya. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Wanda tsere kawai yake so, lokacinsa kuma ƙididdigagge ne, kashi na farko ya fi dacewa da shi. Wanda kuwa kewar ƙuruciya ce ke jan sa, har yana shirin sayen na'ura dominsa, ina ba shi shawara ya ara ya buga na kwana biyu tukuna. Sau da yawa ba wasan muke nema ba, abokan da muka zauna da su ne da shekarun da suka wuce, waɗannan kuwa ba a cikin faifai suke ba.

Kuɗin faifai sau ɗaya ake biya. Sa'o'in da zai ci kullum ake biyan su, daga cikin barci da karatu da zama da iyaye, kuma lokacin salla ba ya jiran a gama zagaye na ƙarshe. Wanda ya iya yanka wa kansa awa guda ya tashi idan ta cika, wasan ba zai cuce shi ba. Wanda ya san ba zai iya ba, ko kyauta aka ba shi ya yi masa tsada.

Allah Ya sa albarka a lokutanmu da abin da muke kashewa. Wassalamu alaikum.