Gadon Amarya a Ƙasar Masu Keken Doki

Shekara 22 ke nan ina sayar da kayan ɗaki a Kumasi: gado, sif, madubi, kujeru, duk abin da uba ke nema in aurar da 'ya ya taso. Yawancin kayana daga Foshan ta ƙasar Sin suke zuwa, a sauke a Tema, mota ta hauro da su. Allah kaɗai ya san yawan amaren da suka tare a kan gadajena. Ana nan sai layi ya zo kaina. 'Yata ta fari ta gama karatun aikin jinya a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka, mijin ma can yake aiki. An ɗaura aure a gida, tarewa kuwa a can. Al'adarmu ba ta ce in yarinya ta ƙetare teku nauyin kayan ɗaki ya sauka daga kan uba ba, don haka a watan Oktoba na ƙulle kuɗina na bi ta.

Kwana biyu muka yi muna zaga manyan kantunan cikin gari. Kaya ga su nan, sai ƙyalli suke yi a ƙarƙashin fitila. Na sa bayan yatsa na ƙwanƙwasa allon wani gado, sai na ji muryar da na sani. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka manna masa takarda mai zanen itace, wato abin da mu 'yan kasuwa ke kira MDF. Na san yadda yake kumbura in ya sha damina uku, na san yadda ramin noti ke buɗewa in an kwance gado sau biyu an sake ɗaurawa. Na ce mu tafi. 'Yata ta ce, "Baba, ai irin naka ne." Na ce, "Shi ya sa." Da maganar ta fita daga bakina sai kunya ta kama ni, muka shiga mota ba wanda ya ƙara cewa uffan.

Surukina ne ya kawo shawara da dare. Ya ce, "Baba, in katako na gaske ake so, sai mu je wajen Amish."

Ranar Asabar muka yi sammako, domin su ba sa ciniki ranar Lahadi ko da nawa ka zo da shi. Daga Kolumbus muka ɗauki hanya mai lamba 62 muka yi arewa maso gabas, tafiyar kusan awa biyu, zuwa Millersburg, hedikwatar gundumar Holmes. Kaka ce a wajensu, ganyaye sun yi ja da rawaya a kan tuddai. Tun kafin mu isa muka fara cimma baƙaƙen kekunan doki, kowanne da jar alama mai kusurwa uku a baya don kada mota ta afka masa. Maza da hular kaba ko baƙar malafa, gemu har ƙirji amma ba gashin baki, wanda a wajensu alama ce ta magidanci. Mata da dogayen riguna marasa zane, kai a rufe da 'yar hula. Na ce wa surukina, ka tabbata ba mu fita daga Amurka ba?

Su waɗannan mutane Kiristoci ne, asalinsu daga Suwizalan da kudancin Jamus. A 1693 suka ware daga 'yan uwansu Menonawa a ƙarƙashin wani malaminsu Jakob Ammann, daga sunansa kuma aka samo sunansu. Tsangwama ta sa suka yi hijira zuwa Fensilbaniya a ƙarni na 18, daga nan wasu suka nausa yamma, na farkonsu ya sauka a Walnut Creek ta wannan gunduma a 1809. Yau kusan rabin mutanen Holmes su ne, duka-duka kuwa sun kai wajen dubu 400 a Amurka da Kanada. A gida wani karin Jamusanci suke yi, duk wanda ba nasu ba kuma Ingilishi suke ce masa, ko da baƙi ne irina. Mu da muka tashi a zango, abin bai yi mana nisa ba: mutum ya yi shekara 200 a ƙasa, yana ciniki da kowa, amma harshensa da tufafinsa da sallarsa na nan yadda kakanni suka bari.

Da can manoma ne zalla. Amma suna haihuwa da yawa, gona kuwa ba ta ƙaruwa, ga tsada. Sai da yawansu suka koma sana'ar hannu, musamman kafinta. Yanzu ƙananan wuraren aikin katako ɗaruruwa ne a ƙauyukan yankin, kantunan da ke sayar da kayansu kuma suna jere a kan hanya mai lamba 39, daga Millersburg zuwa Berlin, Walnut Creek har Sugarcreek.

Kanti na farko da muka shiga, ƙamshin itace ne ya fara tarbar mu. Ba zanen zinare, ba madubi a allon gado, ba fitilu masu kala. Na tuɓe rigar sanyi na durƙusa na leƙa ƙarƙashin wani tebur, 'yata na ta zungurina wai mutane na kallo. Mai kantin, wani dattijo, ya yi dariya ya ce in dai mutum ya fara da ƙarƙashi, to ɗan sana'a ne. Shi da kansa ya zaro durowa gaba ɗaya ya miƙo mini.

Ga abin da nake dubawa, ku ma ku riƙe, ko a ina kuke saye. Ka duba bakin katako: in na gaske ne, jijiyar itacen da ke sama za ta gangaro ta gefe, a ƙarshen allon kuma ka ga zoben shekarun bishiyar. In ka ga zane iri ɗaya sak yana maimaituwa a ƙofa biyu, wannan bugun inji ne, Allah bai halicci bishiya biyu da zane ɗaya ba. Kada nauyi ya ruɗe ka, garin katako ma yana da nauyi. Kusurwar durowar da ya ba ni an sassaƙa ta ne haƙori-haƙori an sarƙe, kamar ka sarƙe yatsun hannu biyu, ba ƙusa ko ɗaya. Ƙafar tebur kuma harshe aka fitar aka cusa a rami. Sai na ga gindin durowar falwud ne. Na nuna masa. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce haka ne, gindin durowa da bayan sif sukan sa falwud saboda ba ya motsi in yanayi ya canja, sauran kuwa itace ne zalla. Ni da nake cewa "katako ne mai kyau, Hajiya" in an tambaye ni, sai na yi shiru.

Ya nuna mana itatuwansu: ouk ja da fari, ceri, mefil, hikori da wolnot. Hikori ya fi tauri, wolnot ya fi duhu da tsada, ceri kuwa yana ƙara ja da shekaru in haske na taɓa shi, kamar dai maɗacinmu. Sannan ya gaya mini abin da ba kowane mai kanti zai faɗa ba: sunan Amish ba hatimin hukuma ba ne, kowa na iya rubuta shi a allo. Mai saye ya tambayi wane itace ne, wane wurin aiki ya yi, a wane ƙauye. In mai kanti ya fara in'ina, ka ƙara gaba.

Da muka zo kan kuɗi, sai hali ya motsa. Na taya. Ya dube ni kamar na yi masa yaren da bai taɓa ji ba, ya nuna takardar da ke rataye. Ba albarka, ba sallama, ba "kawo kuɗi don kai ne". Na juya kamar zan tafi, irin yadda muke yi, na kai har ƙofa, ba wanda ya kira ni. Kuɗin gado ɗaya da durowa ya kusa cinye abin da na tanada don ɗaki sukutum. Ƙari a kan haka, yawancin abin da ke kantin samfuri ne. Kai za ka zaɓi itace da kala da girma, ka ba da kafin alƙalami, ka jira mako 8 zuwa 12. Tarewa kuwa saura mako biyar.

Na ce sai na yi tunani. Muka yi Azahar a gefen mota, kusa da ƙarfen da ake ɗaure dawaki, ba wanda ya dame mu. Abinci kuwa muka tsaya kan burodi da cuku da tuffa. A kiyaye a nan: naman alade ya yi yawa a girkinsu, har wasu kayan fulawa da kitsensa ake yi, sai an tambaya.

Dattijon ya yi mana kwatancen wani mai yin kujeru, muka bi wata 'yar hanya ta cikin gonakin masara. Na ɗauka zan tarar da tsoho da gizago. Ina! Injuna ne sosai, na yanka da na goge katako, sai dai ba wayar lantarkin gwamnati da ta shiga wurin. Injin dizal ne a wani ɗan ɗaki yake hura iska da tura mai ta cikin bututu, su ke juya komai. Haske ta rufi yake shigowa. Wayar tarho tana cikin wata 'yar bukka can bakin hanya. Ba sa son a ɗauki hoton fuskarsu, don haka na mayar da wayata aljihu.

Mutumin kujeru kaɗai yake yi, ba tebur, ba gado. Wani ke yin tebur, wani can daban ke shafa musu mai da kala, mota ta tattara ta kai kanti. Yaransa biyu na gefe suna goge ƙafafun kujera. Makarantarsu aji 8 ce, kuma a 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a bar su a haka, daga nan yaro ya kama sana'ar ubansa. Na tambaye shi sirrin aikin. Bai ce hannu ba, bai ce inji ba. Ya ɗauko wata 'yar na'ura ya soka a allo ya nuna mini lamba. Katakonsu sai an busar da shi a ɗakin zafi har ruwan jikinsa ya sauko kashi 6 zuwa 8 cikin 100 kafin zarto ya taɓa shi. Na tuna odum da maɗaci da ake yankawa a Sokoban, itatuwan da ba su gaza nasu da komai ba, amma sau nawa kafinta ke haɗa ƙofa da ɗanyen katako saboda mai kaya na gaggawa, hunturu na zuwa ta tsage?

Da yamma na kira uwar yarinya na tura mata hotunan gadon. Ta ce, "Alhaji, wannan ai kamar gadon asibitin mishan ne. Ranar ganin ɗaki me za mu nuna? A ce mai sayar da kayan ɗaki ya kai 'yarsa ɗaki wayam?" Maganarta da gaskiya a ciki, don bakin mutane ba ya duba ƙarƙashin tebur. Na juya ga yarinyar na ce ta zaɓa da kanta: cikakken saiti mai ƙyalli gobe-goben nan, ko gado da durowa kawai bayan wata uku. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, in kai ne za ka kwana a kai, wanne za ka ɗauka?" Muka koma kantin kafin su rufe, na biya kafin alƙalami na gadon ceri da durowa mai aljihu shida. Tarewa aka yi da katifa a ƙasa, uwarta ta rufe sauran da labule da jeren kwanuka.

Na san 'yan uwa 'yan kasuwa za su tambaya ko kayan za su yi kwantena. Ni dai na yi lissafi na ajiye biro. Kuɗin saye da na jirgi da na kwastan za su kai su inda mutum ɗaya cikin masu shigowa shagona da wuya ya taya. Sannan katako na numfashi. Wanda aka busar don gidajen Amurka, in ya sauka a laimar Akara ko Kwatano ko Duwala zai sha ruwa ya kumbura, durowa ta ƙi buɗewa. In kuwa Yamai ne ko Njamena, daga laimar damina zuwa bushewar hunturu zai yi ta kai da komo. Ga kuma gara, wadda ba ruwanta da sunan wanda ya yi. Wanda ke da 'ya ko ɗa a can, ya saya musu a can. Na gida kuwa, itacen gida ya fi sanin iskar gida.

A watan Janairu hoto ya shigo wayata ina zaune a shago: gadon ya iso, an ɗaura, ja-ja da shi ba ado. Uwarta ta daɗe tana kallo, ta ce to, ba laifi.

Ban daina sayar da kayan Foshan ba, da su nake ciyar da gida, kuma ba kowane uba ke da kuɗin odum ba. Abin da na daina shi ne "katako ne mai kyau, Hajiya". Yanzu nakan juya allon in nuna bakinsa, in ce garin katako ne, a nisanta shi da ruwa, kada a yawaita kwancewa. Wasu sun fita ba su dawo ba. A bayan shago kuma na jera allunan odum a inuwa, da 'yan sanduna a tsakaninsu don iska ta ratsa. Kafintana kullum sai ya tambaya yaushe za a fara. Nakan ce masa ya bari tukuna, ƙanwar amarya aji biyu take a sakandare, muna da lokaci.